Hakkin da Ke Wuyan Goggo

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya yi fari da baƙi daga turɓaya guda.

A shekarar da rediyo ya yi shelar an hana bauta a ƙasar nan, ina zaune a unguwar Ruwais ta birnin Jidda, cikin ɗakunan katako da kwano da muke kira sandaƙa. Da safe in koyar da karatun allo, da yamma in yi wa mutane rubutun ajami zuwa gida. Shelar ta same ni a wurin mai shayi na bakin hanya. Aka gama ji, kowa ya koma kan kofinsa. Wani dillali da na san da wannan sana'a ya gina gidansa, shi ya riga kowa yin hamdala, har da shafa fuska. Kafin Juma'a ta zagayo, duk faɗin Jidda ba ka samun mutum ɗaya da ya taɓa son bauta. Masu gidajen da suka tara bayi suka jeru suna karɓar diyya daga hukuma kamar waɗanda gobara ta cinye wa kaya. Waɗanda aka bautar kuwa aka buɗe musu ƙofa, aka ce su gode Allah.

Da na kai wa Goggo labari ina murna, ko ɗago kai ba ta yi ba daga gyaɗar da take suya. Ta ce rediyo baki gare shi, ba shi da ƙafa, ba zai taka ya raka kowa wurin hukuma ba.

Goggo tsohuwa ce mai tallan gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk unguwa haka ake kiranta, har waɗanda suka girme ni. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa tun kafin a rushe ganuwar Jidda. Ba ta yi karatu ba, Larabcinta kuma na kasuwa ne, amma ta yi abin da mu masu rawani ba mu yi ba. A zamanin da, akwai 'yan'uwanmu marasa tsoron Allah da sukan ɗauko 'ya'yan mahajjata a hanya, su ce nasu ne, in an haye teku su sayar. Goggo takan shiga da tirenta gida-gida a cikin tsohon gari, tana talla tana duban fuskoki. In ta ga tsagar da ta sani, sai ta yi wa mai ita Hausa a hankali. In ya amsa, to magana ta tashi. Za ta je ƙofar umda, wato mai unguwa, ta ajiye tirenta ta zauna. In ya kore ta, ta koma ƙofar alƙali. Ba ta zagi, ba ta kuka, zama kawai take yi tana ɓare gyaɗa, har a gaji a saurare ta. An kira ta takruniya, sunan rainin da ake kiran baƙaƙen ƙasashenmu da shi, an kira ta baiwa, an watsa mata ruwan wanke-wanke daga bene. Wasu ta fitar da su, wasu da yawa ta kasa.

Cikin waɗanda ta fitar akwai wani da a lokacin da nake ba da labari ya zama babban mutum a unguwar Sharafiyya, mai motocin ɗaukar mahajjata zuwa Makka. A Jidda kowa alhaji ne, har mai share titi, saboda haka wannan laƙabi bai ishe shi ba, ya fi so a ce masa shaihi. Mu dai Alhaji muke ce masa. Yana matashi ya taso daga gida yana kora wa wani malami jaki, malamin yana tafe da 'yarsa ƙarama. A Sawakin, tashar bakin teku ta hayin can, suna jiran jirgin ruwa, zazzaɓi ya kashe malamin. Jagoran tafiyar ya kwashe matashin da yarinyar ya haye da su, ya kai su farfajiyar dillali. Allah ya sa Goggo ta bi ta wurin da talla. Ta ga tsaga a kumatun matashin irin ta garinsu, ta tambaye shi, ashe ta san kakarsa. Ta tsaya gaban alƙali ta rantse ɗa ne, aka sake shi.

Yarinyar kuwa fuskarta sumul. Mahaifinta mutum ne mai tsantseni, bai yarda wanzami ya taɓa ta da aska ba. Abin da ya yi don Allah shi ya bar ta ba shaida, Allah kuma ya fi mu sanin hikimarsa. Maganar matashin da aka kwance jiya ba ta da nauyi a gaban alƙali, kafin a ce me an shige da ita wani babban gida a tsohon gari. Goggo ta gano gidan. Ta ƙofar baya, inda ake zubar da toka, ta yi mata alkawari cewa in yaron nan ya girma ya zama mutum za ta kawo shi ya yi mata shaida.

Ya girma kuwa, ya zama mutum har ya wuce. Ya fara da tallan ruwa a garwa, ya sayi jaki, ya sayi amalanke, ya sayi mota. Da dukiya ta zo sai garin haihuwarsa ya canza. Aka fara ji a bakinsa cewa a Makka aka haife shi, kakanninsa sun daɗe a can. Ya tara gemu ya rufe abin da gemu zai iya rufewa, sauran kuma ya riƙa naɗe bakin guturarsa, farin mayafin nan na ka, ya zagayo da shi kumatu, rani da hunturu. Mutanen Ruwais suka ce Alhaji yana fama da ciwon haƙori, ciwon da ya fi wasu 'ya'yansa shekaru. In ka yi masa Hausa a kasuwa, sai ya waiga ya ga ko da wani kake. Abin dariyar shi ne, attajiran da yake cusa kai cikinsu suna shan gahawarsa, in ya juya baya su ce takrunin nan mai motoci. Mu mun ji da kunnenmu, don 'ya'yanmu ke yi musu dako.

Shekara da shekaru Goggo tana zuwa ƙofarsa kan maganar yarinyar. Bai taɓa korarta ba, ya fi ƙarfin wannan wauta. Sai a shimfiɗa mata darduma a zaure, a kawo shayi, a ce yanzu ya fita, a sallame ta da turmin atamfa. Atamfar takan raba wa matan da suka haihu.

Bayan shelar, wata safiya, wata mata ta shigo Ruwais da ƙunshin kaya a ka, furfura ta fara mata. Ita ce yarinyar. 'Yar malam muka riƙa kiranta. Hausarta ta yara ce, inda ta tsaya ranar da aka rufe ƙofa, sai ta cike da Larabci. Ta sauka ɗakin Goggo.

Ana ba waɗanda aka 'yanta takardar zama 'yan ƙasa, sai dai umda ne zai fara sa hatimi a kan ko kai wane ne. Na raka su don in taimaka da Larabci. Magatakardan umda ya tambayi sunan mahaifinta, ta faɗa masa, sarai, har da na kakanta. Ya ce ai ɗan gidan da ta fito ya riga ya zo, ya ce ba a san mata uba ba, kuma don karamci sun yarda a rubuta ta da sunan gidansu. Karamci ya ce, wallahi, bai ko yi murmushi ba. Umda ba mugun mutum ba ne, rago ne kawai. Ya ce in tana son wani suna ban da wannan, ta kawo mutum ɗaya da ya ga uban da idonsa.

Da yawa sun karɓi sunan iyayengijinsu, ban kuma zarge su ba, mai jin yunwa ba ya zaɓen akushi. Ita ta ƙi. Ta ce sun ci ƙuruciyarta, sun ci ƙarfinta, ba za ta tashi ranar kiyama a kira ta da sunan wanda ya saye ta ba. Ba takarda kuwa ba aiki, ba asibiti, duk ɗan sandan da ya ga dama ya tare ta. A duniya mutum ɗaya ne ya ga ubanta, yana Sharafiyya da ciwon haƙori. Kuma a daidai lokacin yana nema wa babban ɗansa aure a wani gidan fatake farare na tsohon gari, saboda haka ko sunan Sawakin ba ya so a ambata kusa da shi.

Goggo ta sake jan ƙafa ta je. Aka ba ta shayi da atamfa. Ta dawo ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Ta cika da hantsi, 'yar malam ta wanke ta.

Aka fito da makara aka ajiye a inuwar ɗakin kafin la'asar. Mata suna ciki, bayan tabarmar kaba da aka rataya a ƙofa. Sai ga doguwar mota, ga Alhaji da wasu manyanmu biyu, ƙanshin turare ya riga su sauka. Waɗannan mutane ne da ban taɓa ganin takalminsu a ƙofar umda ba duk tsawon wahalar Goggo, amma ranar kowa da labarin yadda ya dafa mata. Ɗaya ya ce uwa ce ga duk baƙar fata. Ɗaya ya ce samun irinta sai an tona. Alhaji ya share ido da bakin gutura, a hankali, don kada ta zame.

Muna da al'ada da muka zo da ita daga gida, ba mu yar ba. Kafin a sallaci gawa liman yakan tambaya ko akwai mai hakki a wuyan mamaci, ya faɗa yanzu, ko wani ya ɗauke masa, don kada a kai bawan Allah kabari da kaya. Limaminmu, tsoho mai sanyin murya, bai gama rufe baki ba Alhaji ya matso gaba. Ya fara da Larabci don direbansa da masu wucewa su ji, sannan ya sauko Hausa, wadda ashe tana nan garau.

"Na ɗauka. Duk hakkin da ke wuyan uwarmu ya dawo wuyana, duniya da lahira."

Ya san abin da yake yi, ko dai ya zaci ya sani. Goggo ko allura ba ta ara. Ɗaukar nauyinta kamar ɗaukar tulun da ba ruwa ne, ga suna ga sauƙi. Liman ya juyo gare mu ya ce mun shaida, muka ce mun shaida. Sai murya ta fito daga bayan tabarma.

"Allah gafarta Malam, ina da hakki."

Liman ya tambaya wace ce. Ta ce wadda ta wanke ta.

"Ta yi mini alkawari ina yarinya, ta ce ba za ta kwanta ba sai ta kawo wanda ya san ubana. Ga shi za ta kwanta. Ban yafe ba."

Na ji salatin mata a ciki. Ba a faɗin haka a kan gawa, balle gawar Goggo, balle daga bakin wadda ta kwana tana juya ta. Alhaji ya yi abin da hannunsa ya saba, ya zura shi aljihu, ya tambayi liman a hankali ko nawa zai kashe maganar. Wani tsohon ɗan dako da ke tsugune kusa da makara ya amsa masa.

"Alhaji, wannan ba ya jin riyal. Da baki ake biyansa, in haƙorin ya yi sauƙi."

Mutane suka sunkuyar da kai, kafaɗu suna rawa. Liman bai yi dariya ba. Ya ce alkawari kaya ne, kuma an ɗauke shi a gaban shaidu, saboda haka Goggo ta fita, babu kome a wuyanta. Ya dubi Alhaji ya ce, "Kai ne a ciki." Ya ta da kabbara.

Daga baya 'yar malam ta gaya mini Goggo ce ta tsara mata. Goggo ta ce in an shimfiɗe ta Alhaji zai zo, kuma ba ya iya ganin taro ya yi shiru, sai ya nuna hannunsa ya fi na kowa tsawo. Ta ce ta bari sai ya gama, kuma kada ta kuskura ta yafe mata. 'Yar malam ta ce duk bautar da ta yi ba ta taɓa ɗaukar abu mai nauyin kalmar nan ba.

Kada mai karatu ya zaci washegari Alhaji ya tafi wurin umda. Sadaka ya shirya. Aka yanka raguna, aka dafa shinkafa da madara irin ta mutanen nan, aka kafa rumfa ta toshe hanya. Manyanmu suka zauna a kan kujeru suna yabon Goggo bi da bi, waɗanda ta fitar daga gidajen mutane suna tsaye a rana suna jiran a miƙo musu tire. Aka yanke shawarar kafa famfon sadaka da sunanta, aka kafa, da allon marmara a sama. Ya yi ruwa har ƙarshen watan. Sannan Alhaji ya aika wa 'yar malam cewa zai ba ta ɗaki a Sharafiyya da keken ɗinki, in tana so ma a samo mata miji. Ta ce a gaishe shi, a gaya masa sunan ubanta take jira.

Matan unguwa ne suka tuna yadda Goggo take yi. Ba wanda ya tara su, ba wanda ya yi jawabi. Wata ta ɗauki tirenta na gyaɗa ta tafi Sharafiyya ta zauna a ƙofar Alhaji. Kashegari suka zama uku, da mai ƙosai da kaskonta. Kafin a jima layin ya kai kwana. Ba su roƙe shi kome ba. In ya fito sai su gaishe shi da Hausa, da ƙarfi, cikin ladabi, "Barka da fitowa, Alhaji, ya nauyi? Ya haƙori?" Mu maza kuma in mun haɗu da shi a masallaci mu yi masa addu'ar Allah ya sauƙaƙa abin da ya ɗauka. Ya aiko a gaya mini in ja wa matan kunne tunda ni malami ne. Na ce ban san ayar da ta hana tallan gyaɗa ba.

Ina so in ce tsoron Allah ne ya motsa shi, amma ina rubutu ne da alwala. Surukan da yake nema ne suka aiko za su kawo ziyara. Ya auna, ya ga safiya guda a wurin umda ta fi araha a kan a iske ƙofarsa cike da takari suna kiransa ɗan'uwa.

Muka haɗu a can da hantsi, ni da liman da 'yar malam da tsohon ɗan dakon nan, wanda ya ce ko ba a gayyace shi ba sai ya ga ƙarshen ciwon. Umda ya tashi ya tari Alhaji, yana ta kiransa shaihi, shaihi, aka kawo gahawa. Da ya ji abin da ya kawo shi sai ya yi mamaki. Ya ce shaihi da aka haifa a Makka, ina ya ga mutumin da ya mutu a hayin teku? Alhaji ya shiga kewaye-kewaye. Ya ce labari ne ya ji a wurin amintattu, ya ce kusan kamar ya gani ne. Umda ya ce ji ba gani ba ne, magatakarda ya fara rufe tawada.

'Yar malam ba ta ɗaga murya ba. Ta kira shi da abin da take kiransa a hanya, lokacin da yake ɗora ta a kafaɗa in jakin ya gaji.

"Yaya, wa ya haƙa kabarin?"

Ya ajiye kofin da ke hannunsa. Sannan ya ce shi ne. Ya ce da fasasshen kwano ya haƙa, ƙasar wurin gishiri ce, ta ci masa yatsu. Ya faɗi sunan malamin da na mahaifinsa da garinsu, ya faɗi farfajiyar dillali da wanda ya taya shi. Umda ya ce ya tuna yana yaro an yi shari'ar wani matashi da tsohuwar nan mai gyaɗa ta fitar da shaidar fuska, in shi ne, ya nuna. Alhaji ya warware gutura. Ga su nan, zane ya sauko daga gefen ido ya shige cikin gemu, kumatu biyu. Ban taɓa ganinsu ba sai ranar. Tsaga ce mai kyau, wanzamin da ya yi ta hannunsa ba ya rawa.

"Alhamdu lillahi," in ji ɗan dako, "kumburin ya saɓe."

Magatakarda ya rubuta, umda ya buga hatimi. Ta ce a karanta mata, aka karanta, ta ce a sake.

Bayan wannan wasu suka riƙa zuwa Ruwais suna neman mai raka su, muka raba abin a tsakaninmu, yau wane gobe wance, har maganar takardun ta lafa. Manyanmu ba su taɓa shiga ba, sai dai duk shekara suna yin sadakar Goggo a gindin busasshen famfo, kuma ba laifi, naman yana da yawa. Auren ɗan Alhaji bai yiwu ba. An ce mutanen sun ce sun yi istihara.

Amma a ranar da aka buga hatimin, da muka fito, Alhaji ya buɗe wa 'yar malam ƙofar mota da hannunsa, ya ce ta shiga ya kai ta gida. Ta ce ƙafarta lafiya. Ta juya wajen liman ta ce ya shaida ta yafe wa Goggo duniya da lahira, ta tsaya ta gyara lulluɓi. Sannan ta dubi Alhaji.

"Yaya, ka sauke. Tsakanina da kai babu saura."

Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ta riga ta kama hanyar Ruwais da takardarta a ƙulle a bakin mayafi. Kafin direba ya ta da mota, na ga ya mayar da gutura kan kumatu.